Wai Ninƙaya Ce "Hobi" Ɗinsa: Ingilishin Aro Da Ake Ɗura Wa Ɗiyan Dakoro

Maganar da muka zo da ita yau za ta sosa wa wasu rai, mun sani. Sai dai a yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kwanan baya muna zaune a fada bayan la'asar, ana jiran shayi na biyu, sai ga wani abokinmu direba ya iso da baƙo. Baƙon mutumin Gana ne, likitan dabbobi, ya zo aikin ƴan kwanaki a wani furoje na makiyaya, tafintansa kuma ya shiga gari. Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, Hausarsa ma haka. Sai muka ce to, ai muna da ɗan boko a wurin. Ƙanenmu ne, ya ci BEPC bara, shekara 4 yana karatun Ingilishi a koleji, ga shi kuma yana biyan kuɗin wani darasi da ake turo masa ta WhatsApp. Muka tura shi gaba muna ta alfahari.

Gaisuwa ta tafi daidai. Suna, gari, aji, duk ya amsa tiryan-tiryan. Sai baƙon ya tambaye shi abin da yake yi in ba ya makaranta. Yaro ya gyara tsayuwa kamar a gaban mushe, ya ce: "My hobbies are swimming and playing tennis." Wai ninƙaya da ƙwallon tenis su ne abin ɗebe kewarsa. Baƙo ya ji daɗi, ya ce a ina yake ninƙayar nan Dakoro? Shiru. Da wa yake buga tenis ɗin? Shiru. Yaro ya dubi ƙasa, ya dube mu, zufa ta karyo masa. Sai da direba ya sako raha sannan aka wuce wurin.

Jama'a, yaron nan bai taɓa ganin filin tenis da idonsa ba. Ninƙaya kuwa, in ban da tabkin damina da yake faɗawa yana ƙarami har a zane shi a gida, babu inda ya san ta. Amma a bayan ɗakin uwarsa yana da tantabaru sun fi talatin. Ya san ƙwai biyu tantabara ke yi, ya san wajen kwana 18 take kwanci kafin ta ƙyanƙyashe, ya san yadda ake sabar da baƙuwar tantabara da gida don kada ta koma inda ta fito. Da kuɗin ƴan shila ya sayi wayar da ke hannunsa. Ga likitan dabbobi Allah ya kawo masa har fada, mutumin da zai iya ba shi shawara kyauta a kan ciwon da ya kashe masa tsuntsaye lokacin ɗari. Ko sunan tantabara da Ingilishi bai sani ba. Baƙo ya shanye shayinsa ya tafi, ko wannensu bai ƙaru da ɗan uwansa ba.

Ba mu ga laifin yaron ba. Abin da aka zuba masa shi ya juye. Da masu zubawar muke magana.

Kafin wani ya ce muna ƙin Ingilishi, bari mu share wannan tun da wuri. Muna son shi, muna kuma ganin ɗiyanmu na da buƙatarsa fiye da yadda mu muka buƙace shi. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. A wannan watan ne dai Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. A Maraɗi, tun 2013 akwai jami'ar Maryam Abacha da ake karatu da Ingilishi a cikinta. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya. Dabbobinmu da wakenmu kudu suke yi tun kafin a haife mu. Wayar da ke aljihun kowa, rabin abin da ke cikinta da Ingilishi yake zuwa. Duk wanda ya ce a yau Ingilishi ba ruwan ɗan Dakoro da shi, to barci yake.

Shi ya sa abin ke yi mana ciwo. Ga buƙata ta gaskiya, ga yara masu ƙwazo, ga iyaye suna cire jika ɗaya, jika biyu daga kuɗin cefane suna biyan darasi da mega, amma abin da ake sayar musu bai wuce rigar aro ba.

Ku karɓi wayar ɗanku ko ƙanenku ku duba darussan nan na hira da ake yaɗawa a WhatsApp, Facebook da YouTube. Kusan kowanne yana da babin abin sha'awa, abin da suke kira "hobi". Mutum biyu ne ke magana. Wannan ya ce yana son hawan dutse mai ƙanƙara, wancan ya ce yana tara tamburan wasiƙa. Wata ta ce tana kaɗa fiyano, wata ta ce tana fita yawo da karenta bakin teku ran Lahadi. Sai su ba juna shawara a kan irin takalmin gudu da ya fi, ko inda ake sayen ƙugiyar kamun kifi mai sauƙi. An rubuta su ne don ɗan Landan ko ɗan wani birni mai irin wannan rayuwa, kuma a can suna da amfaninsu. Mai darasin namu bai canza ko wasali ba. Kwafowa ya yi, ya manna, ya ce a haddace, ya karɓi kuɗi.

To mi ke faruwa da yaron da ya haddace? Ga yadda hira take, ko da wane harshe ake yin ta. Tambayar farko kowa na iya shirya mata amsa tun daga gida. Tambaya ta biyu daga bakin amsarka take fitowa, babu littafin da ya san ta. In ka ce kana kiwon rago, za a ce mi kake ba shi? In ka ce harawa da dussa, za a ce sau nawa a yini? Wata nawa kafin layya kake saye? Kowace amsa tana haifar da wata tambaya. Wanda ya faɗi gaskiya, amsar tana cikin kansa, kalma kawai yake nema, in ta ƙi zuwa ma zai nuna da hannu ko ya zana a ƙasa. Wanda ya fara da ƙarya kuwa aiki biyu ne a kansa: ya ƙago abin da bai sani ba, sannan ya nemo masa kalmomi a harshen da bai ƙware ba. Ko da Hausa aka ce ɗan Dakoro ya yi minti biyar yana bayanin tenis, zai kasa. Yaya za a yi ya iya da Ingilishi?

Abin haushin shi ne mun fi kowa sanin yadda ake koyon harshe. Ku shiga kasuwar dabbobi ta Dakoro, ko ta Sakabal, ko ta Kornaka. Ga Bafillace da Fulfulde, ga Buzu da Tamajak, ga Bahaushe, ga dillali a tsakani yana juya harshe uku bai taɓa zama a benci ba. Ƴan uwanmu da suka je ci-rani Legas da Ibadan sun dawo da Yarbanci da Burokan Ingilishi. Waɗanda suka je Libiya da Aljeriya sun dawo da Larabci. Wa ya ba su takarda su haddace? Da abin da ke hannunsu suka koya: farashi, awo, ciniki, abinci, zagi da wasa. Kalmar da ka koya kana riƙe da abin a hannu ba ta ɓacewa.

Manyanmu ma za su tuna da matasan Amurka ƴan sa-kai na Peace Corps, waɗanda suka yi aiki a Nijar daga 1962 har zuwa Janairun 2011. Bayan ɗan horo sai a ajiye mutum a ƙauye shi kaɗai. Da ka dawo bayan shekara sai ka tarar yana ciniki a kasuwa yana yi wa tsofaffi ba'a da Hausa. Sun koyi sunan gero, rijiya, guga, turmi da taɓarya, saboda su suke gani daga safe zuwa dare. Baƙo ya zo garinmu ya koyi harshenmu da kayan garinmu. Mu kuma muna zaune a garinmu muna koyon nasa da kayan garinsa da ba mu taɓa gani ba. Haba jama'a!

Akwai wata ɓarnar da ta fi ta kasa magana, ita ce ta fi damun mu. Yaron da ya shekara 4 yana jin cewa abin sha'awar mutum shi ne fiyano da tenis, bai taɓa jin malami ya ambaci kokawa ko dara ko langa da Ingilishi ba, a hankali zai ɗauka cewa abin da yake yi a gida bai kai a faɗa wa baƙo ba. Bayan baƙon nan ya tafi mun tambayi ƙanen namu, mun ce don mi ba ka ce masa kana kiwon tantabara ba? Sai ya ce: "Yaya, ai wannan ba hobi ba ne, aikin ƙauye ne." Kun ji fa. Wanga shi ne abin da munka biya kuɗi aka koya masa.

Bari mu gaya wa ƙanenmu da ire-irensa asalin kalmar da ke ba su tsoro. "Hobi" a Ingilishi ta samo asali ne daga sunan dokin wasan yara, sanda mai kan doki da yaro ke hawa yana sukuwa a tsakar gida. Dokin kara ke nan, ba wani abu ba. Wanda duk ya tashi a Dakoro ya hau shi. Daga baya ne kalmar ta koma nufin duk abin da mutum ke yi don jin daɗin ransa in ya tashi daga aiki. Bambancin kawai, su can agogo ya raba musu lokacin aiki da na hutu, mu kuwa sau da yawa abin sha'awarmu shi ne kuma ke kawo mana ɗan na goro. Mai tantabara yana jin daɗi yana kuma sayarwa. Mai yin lalle haka, mai saƙar tabarma haka. Wannan abin yabo ne, ba na ɓoyewa ba.

In kuwa kayan hira ake nema, wa ya fi mu? Kokawa tana nan. Tun 1975 da aka fara gasar Takobi a Tawa, Yacouba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauke shi, har yau in lokacin ya zo gari tsit yake yi, kowa na jikin rediyo ko talabijin. Yaron da zai iya yi maka bayanin kowane kamu da kowace faɗuwa na tsawon awa guda da Hausa, a ba shi kalmomi ashirin na Ingilishi ku ga ko zai yi shiru. Dara tana nan, gurbi 30, kowa da ƴaƴa 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Bayanin dokar dara kaɗai ya isa a koya wa yaro ƙidaya, da "in ka yi kaza", da "ba a yarda ba", da "saura kai". Ga langa, ga tseren raƙuma da na dawaki, ga ƙwallon ƙafa da yaranmu suka san sunan kowane ɗan wasan Turai. Ga shayi da kansa, na farko mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, da sanin yadda ake tayar da kumfa. A wajen mata ga kitso, ga lalle, ga ɗinki, ga haɗa turaren wuta, ga tuyar ƙosai da awara, ga finafinan Kano da ake zama a warware labarinsu tamkar da mutum aka yi.

Sai batun musayar dubara, wanda shi ne rabin babin nan da ake koya musu. A darussan aro, ɗanmu kullum shi ne mai karɓar shawara, kuma a kan abin da ba zai taɓa yi ba. Alhali jiharmu ta Maraɗi ta ba duniya dubarar da ake ta rubutu a kanta da Ingilishi. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara da matan karkara a wannan jiha, asusun da mata ke zubi duk mako suna ranta wa juna. Yau ana yin irinsa a ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya. Haka dubarar barin kututturan itace su sake tofo a gona, ana rage musu rassa ana barin masu ƙarfi. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya zauna a Maraɗi, ya fara yaɗa ta tare da manoman nan a 1983. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, shi kuma an ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 2018. Ba mu yi masa hassada ba, ya yi aiki, Allah ya saka. Tambayarmu ita ce, manoma nawa ne daga cikin waɗanda suka riƙe adda suka yi aikin, ko ɗiyansu, za su iya tsayawa gaban baƙo su yi bayaninsa da bakinsu? Dubara tamu, gona tamu, amma in aka zo faɗa wa duniya sai mu koma gefe muna jiran tafinta.

Mun san abin da za a ce mana, don mun riga mun ji shi a fada.

Wasu za su ce, Ingilishin mi? Daga nan har Kano ai Hausa ce. Gaskiya ne, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, Katsina, har kasuwar Dawanau da Kantin Kwari, Hausarka ta ishe ka. To amma rago ba a Kano yake tsayawa ba. Wanda ya raka dabbobi Legas ko Fatakwal ya san inda Hausa ke fara ƙaranci. Takardar asibiti, takardar banki, rubutun jikin maganin dabbobi da na feshi da ke shigo mana daga Najeriya, da wane harshe suke? Kuma duk ɗan kasuwa ya san ba da farashi ake fara ciniki mai ɗorewa ba. Da hira ake farawa, a san juna, a yi dariya, sannan amana ta shiga. Hirar abin sha'awa da muke raina wa ita ce ƙofar.

Wasu za su ce jarrabawa ce ke tilasta haka. To, mu dai ba mu taɓa jin an kayar da ɗalibi don ya rubuta cewa yana son kokawa maimakon tenis ba. Nahawun da ke cikin jimlar guda ne. Mai gyaran takarda jimla yake dubawa, ba ya zuwa gida ya ga ko akwai fiyano.

Wasu za su ce ai ya kamata yaro ya san rayuwar wasu ƙasashe. Ƙwarai kuwa, ya sani. Ya san akwai ƙanƙara, akwai teku, akwai masu tara tambura. Amma a koya masa su a matsayin abin da zai tambayi baƙo, shi kuma a ba shi nasa da zai bayar. Hira musaya ce. Wanda ya je kasuwa hannu rabbana, kallo ya je.

Malamanmu na koleji da lise za su ce aji ya cika, awoyi kaɗan ne, littafi babu, ga manhaja da aka ce a ƙare. Mun yarda, mun kuma san da yawansu suna iyakar ƙoƙarinsu cikin hali mai wuya. Sai dai abin da muke roƙo ba ya cin ko dala. Rashin littafin ma dama ce. A tambayi aji, wa ke kiwo? Wa ke kokawa? Wa ta iya lalle? A rubuta kalmomin a allo. Darasi ya samu.

Akwai kuma dattawan da ke cewa duk wannan ɓata lokaci ne, yaro ya bar wasa ya kama karatu. Baba, da girmamawa muke faɗa, yaron da ke kiwon tantabara yana koyon lissafi, haƙuri da tattali. In aka haɗa masa da harshe, riba biyu ya ci. Wanda ya kamata ku ji tsoro shi ne wanda ba ya komi sai danna waya daga safe har dare.

Yanzu bari mu juyo kanmu, don mu ma muna da kaso a cikin laifin. Mu ƴan fada mun kashe bakin yara da yawa da dariya. Yaro ya gwada jimla ɗaya, sai a fashe: "Kai, ga Bature! Yaushe ka sauka daga jirgi?" Ya yi kuskure ɗaya, sai ya zama sunansa har ya yi aure. Alhali mai dariyar ko gaisuwa bai iya ba. Wanda ya iya kaɗan kuma, maimakon ya taimaka, sai ya mayar da kansa mai gyara, kowace kalma sai ya tsayar da kai. Da koyo akan iya. Babu wanda ya koyi hawan raƙumi bai sha ƙasa ba. Buroka da muke rainawa, da ita miliyoyin mutane ke ciniki daga Legas har Akara, kuma mai ita ya fi mai nahawu a ciki wanda ya kasa buɗe baki.

To ga abin da muke kira a yi, kuma ba sai an jira gwamnati ko furoje ba.

Na farko, masu koyarwa, na aji da na waya. Ku cire ninƙaya da fiyano daga bakin ɗiyanmu har sai sun iya faɗin abin da suke yi da gaske. Kowane ɗalibi ya zaɓi abu guda da ya iya, ya nemo kalmomi goma na kayan aikinsa da goma na aikatau. Mai tantabara ya san tsuntsu, ƙwai, sheƙa, hatsi, ciwo, saye da sayarwa. Mai lalle ta san ganye, kwaɓawa, zane, bushewa, wankewa. Sannan a sa su amsa tambayoyi shida da kowace hira ke zagayawa a kansu: mi kake yi, tun yaushe, da wa, a ina, don mi kake son shi, mi ya fi wuya a cikinsa.

Na biyu, a koya musu siffar ba da shawara, don ƴar kaɗan ce. "Da farko", "bayan haka", "kada ka", "ya fi kyau ka", "ni ga yadda nake yi". Da waɗannan biyar da Ingilishi, yaro zai iya bayanin yadda ake dafa shayi, yadda ake adana wake a buhun nan mai riɓi uku don kada ƙwari su ci, ko yadda ake gane rago mai lafiya a kasuwa. A haɗa musu da kalmomin ceton kai: "ban gane ba", "sake faɗa a hankali", "yaya ake kiran wannan?" Da ƙanenmu ya san waɗannan ukun, da bai tsaya kamar gunki ba. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, fadodi. Muna kashe awa uku a kan shayi kullum. A ware tsakanin na farko da na biyu, ko sau biyu a mako, a ce yanzu Ingilishi za a yi, kowa da abin da ya iya. Mutum ɗaya ya yi bayanin sana'arsa ko wasansa, saura su yi masa tambaya. Doka ɗaya ce: wanda ya yi wa wani dariya shi zai sayi sukarin gobe. In akwai wanda ya zauna Najeriya ko Gana a unguwa, a jawo shi, malami ne kyauta.

Na huɗu, ƴan mata. Su ba su da fada, kuma su aka fi yi wa dariya. Iyaye da yayye, a bar su su haɗu a gida ɗaya su yi nasu. Wadda ke yin turaren wuta ko ɗinki tana tallarsa a waya, ranar da ta iya bayanin kayanta da Ingilishi, kasuwarta ta wuce Dakoro.

Na biyar, iyaye masu biya. Ko ba ku jin kalma ɗaya, kuna iya gwada darasin. Bayan wata guda ku kira yaron, ku nuna masa akuyar gidan, ku ce ya yi minti biyu yana magana a kanta da Ingilishi, ku ɗauka a waya ku tura wa wanda ya iya. In ya yi, ku ci gaba da biya. In ya ce ba a kai nan ba, alhali ya iya faɗin sunan kayan wasan ƙanƙara, to ku riƙe kuɗinku ku sayi dussa, ta fi amfani.

Masu sayar da darasin kwafe kuma, ba mu ambaci sunan kowa ba, ba kuma za mu ambata ba. Neman halal ne muke so ku yi. Ku zauna ku rubuta hirarku da kanku, da kokawa da dara da kasuwa da damina a ciki. Wanda ya fara yin haka a cikinku, mu da kanmu za mu yi masa talla a wanga shafi.

Shi kuwa ƙanen namu, mun sa shi gaba. Ya nemo kalmominsa ashirin, yana ta fama da su, wani lokaci ya haɗa da Faransanci, wani lokaci da hannu. Shekaranjiya ya yi mana bayanin yadda ake sabar da baƙuwar tantabara, da Ingilishi mai karyayyar ƙafa, ya kai minti uku bai tsaya ba. Babu wanda ya yi dariya, don kowa na tsoron kuɗin sukari. Direba ya ce likitan zai sake zagayowa bayan damina. Yaro ya riga ya rubuta tambayoyinsa a bayan kaye, ta farko a kan ciwon ɗarin nan ce.

Wanda ya ga mun yi kuskure ya gyara mana, muna saurare. Wanda ya ga gaskiya ya kai maganar fadarsu da makarantar ɗiyansa. Allah ya yi wa ɗiyanmu albarka, ya buɗa musu baki da basira, ya ba mu damina mai kyau.